Ƙwayar Da Ta Cinye Mini Sa

A ƙasan akwatin maiɗakina, ƙarƙashin zannuwanta na fita unguwa, akwai wani tsohon gwangwanin man zafi. In ka buɗe shi ba mai za ka tarar ba. Wata 'yar ƙwaya ce mai kama da kafso, tsawonta kamar gaɓa ɗaya ta yatsa, kanta guda garai-garai kamar gilashi. Duk baƙon da ya zo gaishe ni sai ta ɗauko ta, ta ɗora masa a tafin hannu ta ce, "Ga san namu nan." A yi ta dariya. Yanzu har da ni ake yi, amma na daɗe ban iya ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Da damina ina noman gero da riɗi, in an gama kaka in tafi Kano cin rani, ina dako a kasuwar Dawanau. Na gama sakandare, sai dai takardar ba ta ciyar da ni ba, buhu ne ya ciyar da ni har shekara 14. Wanda bai taɓa hawa katakon tirela da buhu mai kilo 100 a wuya ba, ba zai gane abin da muke nufi ba in muka ce jiki ya yi tsami. Da magariba sai ka ji kamar an daka ka a turmi. To shi ne sai a bi ta kemis a ce, "A ba ni haɗi." Mai kemis ba ya tambayarka komai. Zai ɓalli wannan, ya ɓalli wancan, ja ɗaya, fari biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, da kafso, ya zuba maka a hannu. Ka watsa a baki ka bi da ruwan leda. Da asuba ka tashi garau kamar ba kai ba.

Ba wanda yake kiran wannan abu magani a cikinmu. Magani na marar lafiya ne, mu kuwa lafiyarmu ƙalau, gajiya ce kawai. Haɗi a wurinmu kamar goro yake, ko shayin safe. Da farko sai ranar da aiki ya yi yawa nake sha, daga baya kullum, daga baya safe da dare. Har in na koma gida noma, ina tafe da guzurina a leda.

Wajen ƙarshen 2022 na fara haki. Buhun da nake ɗauka ina waƙa, sai na tsaya a tsakiyar katako zuciyata tana dukan uku-uku. Tafin hannuna ya yi fari fat. Bayan gida kuma ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wani irin wari da ni kaina yake kora ta. Abokan aiki suka ce basir ne, na sha jiƙo da sassaƙe har na gaji. Inna da ta gan ni ta ce shawara ce. Wani kawuna ya ce a bincika, mutum ba ya bushewa a tsaye haka kawai sai da sa hannu. An yi rubutu, an yi tofi, ban raina ko ɗaya ba. Sai wata Laraba jiri ya kwashe ni daga kan katako, ni da buhun masara muka zo ƙasa tare.

A asibiti aka ce jinina kashi 16 ne. Ƙannena biyu suka zo aka ɗebi nasu aka ƙara mini leda biyu. Likitan ya ce ga alama olsa ce, ya rubuta mini omefirazol da ƙwayar ƙarin jini. Kafin ya rubuta ya ɗago kai ya tambaye ni, "Malam, kana shan wani magani?" Na ce a'a. A wannan karon, Allah ya sani, ban yi niyyar ƙarya ba, haɗin ne bai ma faɗo mini a rai ba. Amma a karo na biyu da aka sake tambayata, bayan wata huɗu na dawo a galabaice, ya faɗo mini sarai. Na yi shiru ne saboda na san abin da za a ce. Za a ce in daina, in kuwa na daina ba dako, in ba dako ba cefane. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Cikin shekara guda an ƙara mini jini leda 7. 'Yan uwa da abokan arziki duk sun ba da nasu har na fara jin nauyin kiran mutum a waya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka tura ni wani babban asibiti a cikin Kano. Aka zura mini tiyo mai kyamara ta baki, aka duba maƙoshi da tumbi, aka ce tas suke. Aka ba ni maganin wankin ciki na kwana ina zarya, aka sake zura wani ta ƙasa, wanda ba na son tuna shi, aka duba babban hanji, shi ma tas. An duba bayan gida ko tsutsa ce, an ma ba ni maganinta don kore shakka. Jini dai yana zuba, ba a ga ƙofar da yake bi ba.

Likitan da ya yi mini aikin mutum ne mai haƙuri. Ya juya bayan katina ya zana mini cikin ɗan Adam da biro. Ya ce tsakanin tumbi da babban hanji akwai ƙaramin hanji, kuma sunan ne kawai ƙarami, don tsawonsa ya kai mita 6, wato wajen kamu 12, a naɗe kamar igiyar guga. Tiyon sama bakinsa kawai yake leƙawa, na ƙasa kuma wutsiyarsa yake taɓawa. Duk abin da ke tsakani duhu ne a wurinsu. "Ina kyautata zaton a nan ɓarnar take," in ji shi. "Akwai wata kyamara da ake haɗiya, ta bi hanyar da abinci yake bi tana ɗaukar hoto. Mu ba mu da ita a nan. Amma akwai wurin da na sani a Abuja, na kuɗi ne."

Na dube shi, na dubi ƙanena, na ɗauka zolaya ce irin ta likitoci.

Da ƙanen nawa ya buga waya aka faɗa masa kuɗin, sai ya fita waje ya sake tambaya ko bai ji daidai ba. Lokacin kuwa ƙarshen 2023 ne, an cire tallafin mai tun watan Mayu, an saki naira a watan Yuni tana ta gangarawa. Ƙwayar daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta. Tsakanin kiranmu na farko da na biyu, mako uku kacal, kuɗin ya ƙaru. Ba ni da inshora, ban ma san mai ita ba a ƙauyenmu. Riɗin shekarar ya riga ya tafi a ƙarin jini da kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne shanun huɗa guda biyu da na yi shekaru ina tattali.

An yi zaman gida a zaure. Kawu ya ce shi bai yarda a sayar da sa don a haɗiyi ƙarfe ba. Wani ya ce ya ji labarin irin wannan abu, in ka haɗiye shi Turawa za su riƙa ganin duk inda ka shiga har ka mutu. Inna tana daga bakin ƙofa ba ta ce uffan ba sai da aka gama, sannan ta ce, "To in ya mutu, san ne zai yi muku noman?" Ranar Alhamis aka kora farin san zuwa kasuwar Maigatari. Ban bi su ba. Na ce jiri nake ji, kuma gaskiya ina jinsa, amma ba shi ya hana ni ba.

Muka sauka wurin wani ɗan garinmu a Mararraba, kusa da Abuja. An ce in yini a kan ruwa-ruwa, in sha maganin wanke hanji, daga dare kuma kada in sa komai a baki. Da safe a asibitin aka ba ƙanena takarda da Turanci, yana karanta mini yana cikewa. Ya zo kan wani layi ya ce, "Yaya, suna tambaya ko kana yawan shan maganin ciwon jiki." Na ce ya rubuta a'a. Karo na uku ke nan. Alhali ragowar haɗina tana cikin aljihun jakata a lokacin.

Wata nas ta ɗaura mini ɗamara mai faɗi a ciki, ta rataya mini wata na'ura kamar ƙaramar rediyo a kafaɗa. Sannan likitar, mace ce, ta buɗe wani ɗan akwati. Tana ciro ƙwayar sai ta kama ƙifta haske, fari, ƙyal-ƙyal-ƙyal, kamar ƙaramar tocila. Ta ce akwai maganaɗisu a cikin akwatin da yake riƙe ta a kashe, da an raba su sai ta farka. Ta miƙo mini. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wajen giram 3, tsawonta milimita 26, kaurinta 11. Na duba fuskar na'urar da ke kafaɗata sai ga hancina da gemuna, ƙato-ƙato. Na yi bisimilla, na sa a baki, na kurɓi ruwa. Ni da na saba watsa ƙwaya biyar a lokaci guda, wannan ba ta ba ni wahala ba. Sai ga shi ina kallon cikin jikina a allo, jajir, yana motsi yana naɗewa kamar bakin buhu. Na kawar da kai. Akwai abin da bai kamata mutum ya gani ba ko da nasa ne.

Aka ce in je in dawo bayan sa'a 8. Bayan sa'a 2 zan iya shan ruwa, bayan 4 in ɗan taɓa abu marar nauyi. Kada in yi aikin ƙarfi, kada in yawaita sunkuyo, kada in kusanci na'urar hoton asibiti mai maganaɗisu, wato MRI, har sai ƙwayar ta fita. A zaune na yi azahar da la'asar a wani masallaci da ke kusa, mutane suna satar kallon abin da ke rataye a jikina, har wani ya ja da baya.

A wannan zaman jira ne ƙanena, da yake shi ɗan boko ne na gaske, ya yi ta tono labarin abin a wayarsa yana karanta mini, daga baya ni ma na bi na karanta da kaina lokacin da nake kwance ba aikin yi. Wanda ya ƙirƙiro ta wani injiniya ne a Isra'ila, Gavriel Iddan, wanda asalin aikinsa haɗa idon makami mai linzami ne. Ya haɗa kai da wani likitan ciki na Ingila, Paul Swain, wanda shi ya fara haɗiye ta da kansa a 1999. Na jinjina wa wannan mutum, don ni sai da aka sayar mini da sa sannan na yarda. Kamfanin Given Imaging ne ya fito da ita, Amurka ta amince da ita a 2001, daga baya aka sa mata suna PillCam. A 2014 wani kamfani mai suna Covidien ya sayi Given Imaging a kan dala miliyan 860, shekara guda bayan nan shi ma wani kamfani, Medtronic, ya haɗiye shi. Ashe su ma haɗiyar juna suke yi. Yanzu ba su kaɗai ba ne a kasuwar. Olympus na Japan yana yin tasa, akwai MiroCam ta Koriya ta Kudu, akwai OMOM ta Sin, har Sinawa sun yi wadda ake juya ta a cikin tumbi da maganaɗisu daga waje.

A cikin wannan 'yar mitsitsiyar akwai kyamara, da fitila, da batir, da abin aika saƙo. Tana ɗaukar hoto aƙalla 2 a kowace daƙiƙa, tana turo wa ɗamarar, ɗamarar tana zubawa a na'ura. Kafin batirin ya mutu an tara hoto sama da 50,000, kuma sai likita ya zauna ya bi su a kwamfuta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba ta warkar da komai, ba ta iya gutsuro nama a je a auna, gani kawai take yi. Kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Tiyo ana wanke shi a duba mutum dubu da shi, ita kuwa kowane ciki da tasa. Mai sayarwa ya ji daɗinsa. Na kuma karanta cewa a 2021 hukumar lafiya ta Ingila ta fara gwajin irin wadda ake duba babban hanji da ita a kan mutum 11,000, ba tare da marar lafiya ya cire ko sisi ba. Su can gwamnati ce mai saye. Mu nan mai saye shi ne wanda yake da abin korawa Maigatari. Duk wanda ya zauna ya tsara wannan kasuwa bai yi lissafi da ɗan dako ba, kuma ban ga laifinsa ba, bai san da ni ba.

An ce mini ƙwayar za ta fita da kanta, in bar ta ta bi masai. Ni kuwa na ce sa guda ba zai bi masai ina kallo ba. Na sa aka sayo mini fo irin na yara, na sami tsinke. Ranar farko ban ga komai ba, hankalina ya tashi. Rana ta biyu da hantsi tsinken ya taɓa wani abu mai tauri. Ta daina ƙiftawa. Na wanke ta da omo da ruwan zafi har sau uku, na naɗe a takarda. Da muka koma karɓar sakamako na tambayi nas ɗin ko suna saye a rangwame. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya na ji akwai wata ta Amurka, CapsoCam, da take ajiye hotunan a cikinta, dole sai an tono ta an mayar wa likita. Da ita aka ba ni, da tonon da na yi ya zama bin umarni.

Likitar ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Ta nuna mana hanji mai lafiya, launinsa kamar cikin gwanda, da 'yan gashi-gashi kamar tawul. Sannan ta matsa gaba. Ga wasu gyambuna ƙanana, farare a tsakiya, ja a gefe, ɗaya bayan ɗaya, na daina ƙirgawa a na tara. Ɗaya yana tsattsafo da jini a cikin hoton. Ta nuna wani wuri kuma da hanjin ya tsuke kamar an sa masa zobe, ta ce a nan ƙwayar ta yi fiye da sa'a guda tana juyi kafin ta wuce.

Sai ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta ce kana shan magani ba. Da Hausarta mai ɗan gargada ta ce, "Malam, in ka tashi daga aiki jikinka yana ciwo, me kake sha?"

Na buɗe jaka na ɗauko ledar na ajiye a kan teburinta.

Ta baje su da bakin biro tana kiran sunayensu. Wannan diklofenak, wannan ibufurofen, wannan kafson firoksikam. Ta ce duka ukun dangi ɗaya ne, ko guda ɗaya aka daɗe ana sha yana iya cin hanji, balle a haɗa su kullum shekara da shekaru. Ta ce omefirazol ɗin da nake sha yana kare tumbi ne ta hanyar rage tsamin cikinsa, shi ya sa tiyo ya ga tumbin tas, amma ƙarfinsa ba ya kai wa ƙaramin hanji. Ranta ya ɓaci sosai, ba ta ɓoye ba. Ta ce a cikin mutum 100 akan sami 1 ko 2 da ƙwayar take maƙalewa a cikinsu, kuma masu irin tsukewar nan tawa suna cikin waɗanda aka fi ji wa tsoro. Da ta tsaya, wataƙila sai an farke ni. Da na faɗi gaskiya, da ta fara ba ni wata ta gwaji wadda take narkewa da kanta in ta maƙale. Sannan ta faɗi maganar da har yau take dawo mini in na kwanta. Ta ce da tun a Kano na faɗa, mai yiwuwa abin da za a fara yi shi ne a ce in daina haɗin, a ba ni maganin ƙarin jini, a jira a gani.

Ƙanena bai dube ni ba. Har muka wuce Zariya bai yi mini magana ba. Sai wajen Kwanar Dangora ya ce, "Yaya, ni ka sa na rubuta a'a da hannuna."

Na daina haɗin daga ranar. Makonnin farko na sha wuya, gwiwa da baya da wuya duk suka taso mini da bashinsu. Farasitamol kawai aka yarje mini, shi ma da ƙa'ida. Aka ba ni wani magani na wata biyu da ƙwayar ƙarin jini, aka gargaɗe ni cewa ita ma tana baƙanta bayan gida, kada in firgita. Wata biyar bayan nan aka auna jinina aka ce kashi 38. Tun daga lokacin ba a sake rataya mini leda ba. Dako kam na bar shi. Wani dillalin riɗi ya ɗauke ni ina rubuta masa lissafi a bakin sikeli, ashe takardar sakandaren tana jiran ranarta. Abin da nake samu bai kai na da ba.

Na koma wurin mai kemis ɗin, da niyyar in yi masa tatas. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ni na taɓa bin ka da shi? Kai kake zuwa." Ban sami amsa ba. Ina tsaye a wurin wani yaro daga cikin 'yan dakonmu ya zo, bai fi shekara 20 ba, ƙurar masara har a girarsa, ya ce a ba shi haɗi. Na riƙe hannunsa na ba shi labarina a gajarce, har na nuna masa hoton gyambunan a wayata. Ya kalla da kyau, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Sannan ya ce, "To Baba, gobe akwai tirela uku. Me zan sha?" Na ce ya sha farasitamol ya kwanta da wuri. Ya yi murmushi irin na ladabi, ya jira na saki hannunsa.

Da damina ta faɗi na haɗa san da ya rage da na maƙwabcina, muna huɗa kwana biyu a gonarsa, kwana biyu a tawa. Nasa ya fi nawa tsawo da sauri, nawa kuma ya saba da tafiyar farin, sai ya riƙa jan karkiya gefe yana waiwaye. Kunyoyin gonata na bana duk a karkace suke, tun daga bakin hanya ana gani.